Ƙari a Ƙwaƙwalwar Manya da Yara: Tambayoyin da Ɗaliban Likitanci Ke Yawan Yi Kafin Jarrabawa

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga bakin ɗaliban likitanci a Jos, tun daga masu shirin jarrabawar fatoloji, zuwa 'yan ajin ƙarshe da ke zagayen marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, har da likitocin da ke shirin jarrabawar farko ta neman ƙwarewa. Sunayen cututtuka da na magunguna an rubuta su yadda ake furta su, sunayen ƙwayoyin gado kuwa an bar su da haruffansu.

1. Sunayen sun yi mini yawa. Ta ina zan fara?

Fara da tambayoyi uku, ka yi su a jere duk lokacin da aka ba ka labarin majiyyaci: shekarunsa nawa, a ina ƙarin yake, kuma yaya kamanninsa a hoto ko a ƙarƙashin madubin awo. Shekaru da wuri kaɗai sukan rage jerin sunaye ashirin su koma biyu ko uku. Kamanni ne ke yanke hukunci a tsakanin waɗanda suka rage.

Iyakar da za ka riƙe ita ce tantoriyam, wannan rumfar fata mai kauri da ta raba babbar ƙwaƙwalwa a sama da ƙwaƙwalwar ƙeya, wato sarabelam, a ƙasa. Littattafan fatoloji sun saba cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarin manya yana saman rumfar, kusan kashi 70 na yara kuma yana ƙarƙashinta. Jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya sun fita daga wannan ƙa'ida, nasu ya fi zama a sama. Ka zana ƙwaƙwalwa a tsage ta tsakiya a kan takarda ɗaya, ka rubuta kowane ƙari a mazauninsa, na yara da jan biro, na manya da baƙi. Wanda ya zana wannan da hannunsa sau uku ya fi wanda ya haddace tebur sau goma, domin tambayar jarrabawa daga wuri take farawa.

2. Me ya sa yaro mai ƙari yake amai da safe, babba kuma yake zuwa da farfaɗiya?

Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa. Jiki yana samar da ruwan ƙwaƙwalwa kusan mililita 500 a rana, alhali abin da ke ciki a lokaci guda bai wuce kimanin 150 ba, don haka dole ruwan ya riƙa gudana yana fita. Ƙarin yara yana zama ne kusa da kogon ruwa na huɗu, inda hanya take da ƙunci. Ƙari ɗan ƙarami a nan ya isa ya toshe magudana, ruwa ya taru, matsi ya hau. Da dare yaro yana kwance, jini ba ya sauka daga kai kamar yadda yake sauka a tsaye, iskar da jiki ke fitarwa kuma tana ɗan taruwa a barci ta buɗe jijiyoyin jini. Shi ya sa yake tashi da ciwon kai, ya yi amai, ya ɗan ji sauƙi, har ya ci kokonsa ya tafi makaranta. Uwa za ta ce maka an yi maganin maleriya sau uku, an yi na taifot, zazzaɓi babu, amai bai tsaya ba. Jariri da ɗinkin kansa bai haɗe ba kuwa kansa ne ke girma, maɗiga ta kumbura, idanu su koma kallon ƙasa.

A babba ƙari yana taɓa ɓawon ƙwaƙwalwa, wurin da farfaɗiya ke tasowa. Duk babban da ya fara farfaɗiya karo na farko, amsar jarrabawa ita ce a ɗauki hoton kai. Ƙarin sashen ƙwaƙwalwa na goshi yana canza hali, mutum mai kunya ya fara sakin baki ko ya daina kula da kansa, dangi su nufi wajen ruƙiyya da shi watanni kafin a zo asibiti. Ka kula da tarko ɗaya: shanyewar jijiya ta shida, wadda ke sa ido ya karkace ciki a riƙa gani biyu-biyu, ba ta nuna inda ƙari yake. Matsi ne kawai ya ja ta saboda doguwar hanyarta.

3. Idan aka ce "wanne ya fi yawa", me zan amsa?

Karanta tambayar sau biyu, don kalma ɗaya ke sauya amsa. Ƙarin da ya fi yawa a cikin kan babba gaba ɗaya shi ne wanda ya yaɗo daga wata gaɓa. Wanda ya fi yawa cikin masu tasowa daga kan kansa shi ne meninjiyoma. Idan aka ƙara kalmar "mugu", wato mai halin daji, amsa ta koma giliyobilastoma. A yara, mafi yawa shi ne filositik astirosaitoma, mugun da ya fi yawa kuma medulobilastoma.

Littattafan waje suna cewa ƙarin ƙwaƙwalwa ne na biyu a dajin yara bayan dajin jini. A ɗakin yara na asibitocinmu za ka fi cin karo da limfomar Burkitt da dajin ido da na ƙoda, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne yaro mai ƙarin kai sai an sami kuɗin hoto kafin a san abin da ke damunsa. A takarda ka ba da amsar littafi. A jarrabawar baka ka faɗi duka biyun, malamai suna jin daɗin ɗalibin da ya san ƙasar da yake tsaye a kai.

4. Tsofaffin takardun tambaya suna da sunayen da ba na gani a sabon littafi. Wanne zan bi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da gwajin ƙwayoyin gado cikin rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa a 2016, sannan ta fitar da bugu na biyar a 2021. Matakai huɗu ne har yanzu, daga 1 zuwa 4, amma yanzu da lambobin yau da kullum ake rubuta su. Babban sauyin shi ne giliyomar manya mai ratsa nama, wato ƙarin da ke tasowa daga sel masu tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta koma gida uku: astirosaitoma mai sauyin ƙwayar gado ta IDH, oligodendirogiliyoma mai sauyin IDH tare da ɓacewar sassan kuromosom 1p da 19q, sai giliyobilastoma wadda IDH ɗinta bai sauya ba. Abin da ake kira giliyobilastoma ta biyu a da, yanzu sunansa astirosaitoma mai sauyin IDH mataki na 4. Sunan PNET, wanda a da ake kiran wani rukunin mugun ƙarin yara da shi, an cire shi tun 2016.

Idan zaɓin da aka ba ka na tsohon tsari ne, amsa da tsohon tsari, kada ka tsaya gardama da takarda. A rubutun dogon bayani kuwa fara da na 2021, ka ambaci tsohon suna a jimla ɗaya.

5. Me ake so in sani game da giliyobilastoma?

Mai ita galibi mutum ne mai shekara hamsin zuwa saba'in, ciwon kai na makonni kaɗan, rauni a ɓari ɗaya yana ƙaruwa. A hoto bayan allurar rini za ka ga zobe mai kauri mara tsari, tsakiyarsa matacce, kumburi ya kewaye shi. Idan ya tsallaka ta gadar da ta haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu, sai ya yi siffar malam-buɗe-littafi. Limfoma ma tana tsallaka wannan gada, kada ka manta. A madubin awo abu biyu ake nema: mataccen nama da sel suka jeru a bakinsa kamar karan danga, da ƙananan jijiyoyin jini da suka yi curi-curi. Rinin gwajin nama na GFAP yana kamawa. Ko babu waɗannan, giliyomar babba da IDH bai sauya ba ana kiran ta giliyobilastoma idan an sami sauyin TERT, ko yawaitar EGFR, ko ƙarin kuromosom 7 tare da rashin 10.

Magani shi ne tsarin Stupp da aka wallafa a 2005: tiyata a cire iya abin da za a iya ba tare da nakasa mutum ba, gashi, wato gasa ƙarin da hasken na'ura, na Gy 60 (Gy ma'aunin hasken ne) a zama 30 cikin mako shida tare da temozolomaid 75 mg ga kowace murabba'in mita ta jiki kullum, sannan zagaye shida na 150 zuwa 200 na kwana biyar a kowane kwana 28. A wancan binciken matsakaicin rayuwa ya tashi daga wata 12.1 zuwa 14.6. Wata biyu da rabi ke nan, kuma ya kamata ɗalibi ya ji nauyin wannan adadi kafin ranar da zai zauna gaban 'ya'yan majiyyaci. Wanda MGMT ɗinsa ke a kulle ya fi amfana da temozolomaid, domin MGMT ne ke gyara ɓarnar da maganin yake yi wa sel ɗin daji.

6. Yaya zan raba oligodendirogiliyoma da astirosaitoma?

Oligodendirogiliyoma tana son goshi, tana girma a hankali, mai ita ɗan shekara talatin zuwa hamsin ne da ya daɗe yana farfaɗiya, kuma CT yakan nuna daskararren alli a ciki. Sel ɗinta kamar soyayyen ƙwan mai shayi da ba a kaɗa ba, gwaiduwa a tsakiya fari a kewaye, jijiyoyin jini kuma sirara kamar wayar kejin kaji. Wannan farin kewaye aikin sinadarin fomalin ne, don haka ba a ganin sa a naman da aka daskarar aka duba ana cikin tiyata. Ana yawan tambayar wannan. Hukuncin ƙarshe na gwajin gado ne, kamar yadda aka faɗa a amsa ta 4: babu ɓacewar 1p da 19q, babu oligodendirogiliyoma. Astirosaitoma mai sauyin IDH tana tafiya da rashin ATRX da sauyin TP53.

7. Meninjiyoma ba daji ba ce. Me ya sa ake yawan kawo ta?

Domin tana da yawa kuma ana warkewa daga gare ta. Daga sel ɗin rufin arakinoid take fitowa, a wajen naman ƙwaƙwalwa take, tana tura shi gefe ba tare da ta ratsa shi ba. Ta fi kama mata masu matsakaicin shekaru, tana da masu karɓar sinadarin furojestaron, shi ya sa takan ƙara girma da juna biyu. A hoto tana shan rini gaba ɗaya, tana manne da fatar ƙwaƙwalwa da 'yar wutsiya, ƙashin da ke kanta yakan yi kauri. A madubin awo sel suna naɗe kamar gammo, da ƙwayoyin alli masu hawa-hawa kamar yankakkiyar albasa, su ne samoma. Harvey Cushing ne ya raɗa mata suna a 1922. Gasa kai da hasken na'ura da aka yi wa mutum yana yaro yana daga cikin sanannun dalilanta, haka rashin NF2 a kuromosom 22.

Wuri ne ke ba da labari. Wadda ke kusa da tsagin tsakiya tana raunana ƙafa, har a ɗauka ciwon laka ne a yi ta hoton baya. Wadda ke ramin jijiyar shaƙar wari tana kashe jin wari, ta busar da jijiyar gani a ɓarinta, ta kumbura ta ɗaya ɓarin, wannan shi ne alamar Foster Kennedy. Dawowarta bayan tiyata ya dogara da yawan abin da aka cire, wanda ake aunawa da matakan Simpson.

8. Mutum ya daina ji da kunne ɗaya. Me nake nema?

Shuwanoma a kan reshen daidaito na jijiya ta takwas, a kusurwar da sarabelam ta haɗu da fons, wani sashe na tushen ƙwaƙwalwa. Majiyyaci zai ce ya lura ya koma ɗora waya a ɗaya kunnen, kuma kunnen da ya mutu yana yi masa ƙara. Idan ƙari ya girma ya taɓa jijiya ta biyar, ƙiftawar ido idan an taɓa shi da auduga takan ɓace tun kafin fuska ta karkace. Rinin S-100 yana kamawa, nama yana da sashe mai cunkoso da mai sakwa-sakwa, Antoni A da B, da jerin Verocay. Idan kunne biyu ne, koma amsa ta 15.

9. Fituwitari da kiraniyofarinjiyoma duk suna rage gani ta gefe biyu. Ina bambancin?

Duka biyun suna danne mararrabar jijiyoyin gani, sai gefen waje na kowane ido ya tafi. Majiyyaciya ba za ta ce ba ta gani ba. Za ta ce tana yawan bugun ƙyauren ɗaki da kafaɗa, ko keke ya kusa kwashe ta a Terminus ba ta ga tahowarsa ba. Ƙarin fituwitari daga ƙasa yake dannowa, don haka saman gani ne ke fara tafiya. Kiraniyofarinjiyoma daga sama take, ƙasan gani ne ke fara tafiya.

Ƙarin fituwitari na manya ne. Ƙasa da milimita 10 ƙarami ne, daga 10 zuwa sama babba. Mai fitar da furolaktin ya fi yawa: mace al'ada ta ɗauke, nono yana zuba ba ta shayarwa, haihuwa ta ƙi. Namiji kuwa ƙarfinsa ne ke raguwa, kunya ta hana shi faɗa, sai ya zo a makare ƙari ya girma. Kafin ka ce ƙari ne, cire juna biyu, raunin tayirod, da magunguna irin su metokilofuramaid da na taɓin hankali. Wannan ƙari da ƙwaya ake fara maganinsa, kabagolin ko buromokiriftin, ko da babba ne. Sauran nau'o'in ƙarin kuwa, tiyata ake yi musu ta hanci. Ciwon kai mai tsanani farat ɗaya da dushewar gani da faɗuwar awon jini yana nufin jini ya ɓalle cikin ƙarin, a ba da haidirokotizon nan take.

Kiraniyofarinjiyoma daga ragowar jakar Rathke take, wato naman da sashen gaba na fituwitari ke tasowa daga gare shi tun a ciki, tana kama 'yan shekara 5 zuwa 14, sai kuma manya daga hamsin. Yaro gajere ne a cikin sa'o'insa, yana shan ruwa yana fitsari ba ƙaƙƙautawa. CT yana nuna alli a mafi yawan yara, ruwan cikinta kamar baƙin man inji da ƙyalƙyalin kolestarol. Ta yara tana da sauyin CTNNB1, wani nau'in da aka fi gani a manya kuma BRAF V600E. Mataki na 1 ce, amma tana manne da haifotalamus, cibiyar da ke sarrafa ƙishi da yunwa, don haka bayan tiyata a sa ido kan yawan fitsari da gishirin jini, kuma iyaye su san ƙiba mai wuyar sarrafawa na iya biyowa.

10. Uku ne a ƙeyar yaro, kullum ina cakuɗa su. Yaya zan raba?

Ka tambayi inda kowanne ya kafa gindi. Medulobilastoma daga tsakiyar sarabelam take, rufin kogo na huɗu. Tsakiya ce ke riƙe gangar jiki, don haka yaron yana tafiya ƙafafu a ware yana tangaɗi, ko a zaune ma yana lilo. A CT kafin rini ta fi naman kewaye haske saboda cunkoson ƙananan sel masu shuɗi. Filositik astirosaitoma ta fi zama a ɓari ɗaya, sai hannun wannan ɓarin ya riƙa wuce hanci idan an ce ya taɓa. Hotonta jakar ruwa ce da ɗan curi a bango mai shan rini, a madubin awo akwai zaren Rosenthal, jajaye murɗaɗɗu, gwajin gado kuma yana nuna haɗewar KIAA1549 da BRAF. Mataki na 1 ce, idan an cire ta duka yaro ya warke ya koma makaranta.

Efendimoma daga daɓen kogo na huɗu take fitowa, tana matsowa ta ƙofofin Luschka da Magendie kamar man goge baki. Da yake daɓen nan ne mazaunin cibiyoyin jijiyoyi da na amai, yaron yakan daɗe yana amai kafin wata alama, kuma cire ta duka yana da wuya. Yawan abin da aka cire ne babban mai nuna makoma. A manya efendimoma ta fi zama a laka. Yaron da ya karkatar da wuya ya ƙi a taɓa masa ƙeya, babu zazzaɓi, ka yi tunanin ƙasan sarabelam ya fara nutsewa cikin babbar ƙofar ƙoƙon kai kafin ka ce sanƙarau ne.

11. Me ya sa ake gasa har laka a medulobilastoma?

Domin sel ɗinta suna bin ruwan ƙwaƙwalwa suna ɗiga har gindin laka. Kowane yaro sai an yi masa MRI na laka gaba ɗaya, a kuma duba ruwan baya, wato ruwan ƙwaƙwalwa da ake ɗiba da allura ta baya, kwana 10 zuwa 14 bayan tiyata. Wanda ya haura shekara uku, babu yaɗuwa, ragowar ƙari bai kai murabba'in santimita 1.5 ba, yana cikin matsakaicin haɗari: Gy 23.4 ga kai da laka, a ƙara wa mazaunin ciwon har zuwa kimanin 54, sannan kemo. Mai babban haɗari Gy 36. Ƙasa da shekara uku ana guje wa gashin saboda ɓarnar da yake yi wa basira da girma. Rukunan gado huɗu ne, WNT da SHH da na 3 da na 4. WNT ya fi kyakkyawar makoma, na 3 mai yawaitar MYC ya fi muni. Bayan tiyata wasu yara sukan daina magana kwana ɗaya ko biyu da farfaɗowa, maganar takan dawo cikin makonni ko watanni.

Idan aka tambaye ka a baka yadda za ka tsara jinya, kada ka tsaya a sunan magani. Faɗi inda za a yi gashin, misali Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da cewa a fara shirin turawa tun kafin tiyata, saboda jinkiri tsakanin tiyata da gashi yana rage nasara, iyali kuma suna buƙatar lokacin haɗa kuɗi da masauki na mako shida.

12. Waɗannan da'irorin sel da ake kira rozet fa?

Duba abin da ke tsakiya. Idan jijiyar jini ce, sel sun kewaye ta da ɗan fili, efendimoma ce. Idan rami ne fanko kamar ƙaramin bututu, ita ce dai, wannan ne rozet na gaskiya kuma bai cika bayyana ba. Idan zaruruwa ne cukurkuɗe babu rami, Homer Wright ke nan, na medulobilastoma da niyurobilastoma. Flexner-Wintersteiner na dajin ido ne.

13. Me zan riƙe game da fons da faniyal?

Yaro ɗan shekara biyar zuwa goma, cikin makonni kaɗan ido ya karkace, fuska ta ja, ɗaya ɓarin jiki ya yi rauni, yana tangaɗi, amma ruwa bai taru ba tukuna. Giliyomar tsakiya ce mai sauyin H3 K27, mataki na 4. Ba a cire ta da tiyata, gashi yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, matsakaicin rayuwa bai kai shekara ba.

Ƙarin faniyal, wata 'yar gaɓa a can cikin ƙwaƙwalwa, yana danne saman tsakiyar ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa ɗaga ido sama, alamar Parinaud, ya kuma toshe siririyar magudanar Sylvius. Jaminoma ce ta fi yawa a nan, ta fi kama samari, tana jin gashi sosai. Auna beta-hCG da AFP, sinadaran da irin wannan ƙari kan fitar, a jini da ruwan baya. Ƙaramin yaro namiji da ya balaga kafin lokaci, hCG ne ya yi aikin.

14. Na ga zobe a hoto. Daji ne?

Kama da wane ba ta wane. A Jos, kafin ka furta daji, tambayi matsayin ƙanjamau, tari da rama da zufan dare, ciwon kunne mai zubar da mugunya, da tarihin wani daji a jiki. Curin tibi, tokzofilasma, ƙurjin ƙwaƙwalwa da ƙwan tsutsar alade duk suna yin zobe. Bangon ƙurji siriri ne mai santsi, tsakiyarsa yana haske a hoton MRI nau'in DWI. Bangon giliyobilastoma mai kauri ne mai gargada, kamar yadda amsa ta 5 ta nuna.

Mai ƙanjamau da CD4 ƙasa da 100, zobba da yawa a zurfin ƙwaƙwalwa, ana fara masa maganin tokzofilasma, a sake hoto bayan mako biyu. Idan bai motsa ba, a yi tunanin limfoma, wadda ke tafiya da ƙwayar EBV, tana son gefen kogunan ruwa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ba da dekzametazon kafin a ɗebi nama. Limfoma tana narkewa da shi na ɗan lokaci, sai gwaji ya dawo babu komai, ciwo kuma ya dawo daga baya. In ba rai ne ke cikin haɗari ba, a jinkirta. Curin tibi kuwa yakan ƙara girma a watannin farko na magani, wannan ba ya nufin magani ya gaza.

15. Cututtukan gado nawa zan haddace?

NF1 a kuromosom 17, tana kawo giliyomar jijiyar gani a yara. Tabbanta a baƙar fata sun fi fatar duhu, sai ka tuɓe yaro a wuri mai haske ka ƙirga: shida ko fiye, sama da milimita 5 kafin balaga, sama da 15 bayanta. NF2 a 22, shuwanoma a kunne biyu da meninjiyoma da efendimoma. Von Hippel-Lindau a 3, hemanjiyobilastoma da dajin ƙoda da fiyokuromosaitoma. Tubaros sikilarosis a 9 da 16, farfaɗiya da fararen tabo da ƙari a ƙofar Monro wanda ke jin ebarolimus. Gorlin da Turcot mai sauyin APC suna kawo medulobilastoma. Li-Fraumeni TP53 ne, MEN1 kuma a 11 tana haɗa fituwitari da faratayirod da fankiriyas.

16. Babba ne mai ƙari a sarabelam. Ƙa'idar amsa ta 1 ta karye ke nan?

A babba, ƙarin sarabelam yaɗowa ne har sai an tabbatar da akasin haka. Huhu ne kan gaba, sai nono, melanoma, ƙoda da hanji. Sukan zo da yawa, zagayayyu, a iyakar farin nama da toka-toka inda jijiyoyin jini ke tsukewa, da kumburin da ya fi girmansu. Masu zubar da jini su ne melanoma, ƙoda, tayirod da koriyokasinoma. Matashiya da ta yi ɓari ko cikin ƙwan kwaɗi, wato cikin da mahaifa ke cika da ƙananan jakunkunan ruwa maimakon jariri, watannin baya ta zo da jini a kai, auna mata hCG. Melanoma a wurinmu a tafin ƙafa take ɓuya, ka cire wa majiyyaci takalmi. Idan ƙarin na sarabelam ɗin kansa ne, jakar ruwa da curi, jini kuma ya yi yawa saboda eritirofoyetin, hemanjiyobilastoma ce.

17. An kawo majiyyaci yana gyangyaɗi, ido ɗaya ya buɗe. Me zan yi kafin likitan tiyata ya iso?

Ɗan idon da ya buɗe ya daina jin haske yana nufin gefen ƙwaƙwalwa ya zame ta bakin tantoriyam ya danne jijiya ta uku, galibi a ɓarin da ƙarin yake. Hawan jini da saukar bugun zuciya da rikicewar numfashi, alamun Cushing uku, sun nuna lokaci ya ƙure. Kare hanyar iska, ɗaga kan gado digiri 30 wuya a miƙe, ba da manitol giram 0.25 zuwa 1 ga kowane kilo da robar fitsari a jiki, ko ruwan gishiri mai ƙarfi. Dekzametazon ga babba 10 mg, sannan 4 mg kowace awa shida, yana rage kumburin da ke kewaye da ƙari, tare da lura da sukari da kare ciki. Kada a ɗaura ruwan sukari zalla, yana ƙara kumburi. Maganin farfaɗiya na wanda ya yi farfaɗiya ne, ba a ɗora wanda bai taɓa yi ba a kansa na dogon lokaci.

Kada a ɗebi ruwan baya. Idan ka rage matsi a ƙasa alhali sama a toshe take, ƙwaƙwalwa ce za ta gangaro ta danne cibiyar numfashi. Yaro mai amai da sanƙarewar wuya na amsa ta 10 shi ne wanda aka fi yi wa wannan kuskure, da kyakkyawar niyyar neman sanƙarau. Duba bayan ido da fitila, amma rashin kumburin jijiyar gani bai wanke shi ba. Idan akwai alamar ɓari ɗaya ko raguwar hayyaci, a fara maganin sanƙarau idan ana zargin sa, a yi CT, allurar baya ta jira.

18. A jarrabawar gefen gado, me malamai suka fi kama ɗalibai da shi?

Rashin sa yaro ya tashi ya yi tafiya. Ɗalibi zai gwada ƙarfi da guduma a kwance, komai lafiya, ya ce babu matsala, alhali ciwon tsakiyar sarabelam ba ya bayyana sai an zauna ko an miƙe. Sa shi ya taka layin daɓe dunduniya na taɓa yatsa, kana kusa da shi don kada ya faɗi. Auna zagayen kai da tef ka ɗora a jadawali, auna tsawo, gwada gefen gani da yatsu ido ɗaya bayan ɗaya, ka nemi fitilar duba bayan ido ko da ba a ajiye maka ba. Tambayi uwa da ladabi, "Mama, rubutunsa ya canza? Malaminsa ya yi ƙorafi?" Littafin makarantar yaro na wata uku da suka wuce yakan nuna ranar da hannu ya fara rawa. Wajen gabatarwa fara da inda ciwon yake da hujjarka, sannan abin da kake zato bisa shekaru, sannan tibi da ƙurji a jerin abin da za ka cire, sai hoton da za ka nema: MRI da rini idan da hali, CT idan gaggawa ce ko ana neman alli da taruwar ruwa.